Kibod Mai Sanƙo

Akwai waɗanda Allah ya ba ilimi, akwai kuma waɗanda ya ba baki kawai, ya ce su je su nema da shi. Mijin Auta yana cikin na biyun. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, amma duk layin shagunan ba mai kiransa haka sai in ana so ya ɗauki kaya. Minti Biyu ake ce masa, domin ba a taɓa nuna masa abin da ya lalace ba, agogo ne ko fanka ko auren wani, bai ce aikin minti biyu ne ba. Fankar tela da ya gyara bara har yau baya take juyawa.

Surukarsa, Gwaggo mai tafireta, ta shekara talatin da 'yan kai tana buga wa mutane takardu a shago na uku daga bakin titi. Da tafireta ta fara, ta koma kwamfuta, sunan bai bi ta ya canza ba. Da ido ya soma yi mata hazo, likita ya sa ranar cire mata yana, sai ta faɗa a gaban kowa cewa bayan aikin za ta danƙa makullin shagon a hannun wani, ta huta. Ba ta ce wane ba. Minti Biyu ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga wanda ya cancanta ba sai shi.

Ranar aikin, ƙarfe bakwai na safe, Gwaggo ta tsayar da shi a bakin shagon. Tasi na jiranta, Auta na riƙe da jakarta.

“Takardun jarrabawar makarantar bayan layi suna cikin kwamfuta,” in ji ta. “Kwana uku ina buga su. Ka kunna firinta, ka fitar da kowace ɗari biyu. Shugabar makaranta za ta zo ƙarfe biyu, gobe da safe yara za su zauna. Abin da na sa ka ke nan. Ban ce ka gyara komai ba.”

“Mama, ku tafi hankali kwance. Wannan ai aikin...”

“Na san minti nawa ne. Maimaita abin da na ce.”

“In kunna firinta.”

“Da me?”

“Kar in gyara komai.”

Auta ta leƙo daga cikin mota. “Maigida, kibod ɗin nan kar ka taɓa wayarsa kwamfuta tana kunne. In ka cire shi, sai an...”

“Auta, in ana maganar inji, ki riƙa bar wa masu inji. Ki kula da Mama.”

Ta mayar da kanta ciki. Mota ta tashi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya koma ya ɗauko kayan da ya ɓoye a bayan shagon tela tun jiya. Faifai ɗaya mai sabuwar babbar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta. Farin kibod siriri marar waya, da maus ɗinsa. Sai wani katako da ya sa aka rubuta wa INJINIYA da jan fenti, ya jingine shi a bayan ƙofa, fuska ga bango, kafin lokacinsa ya yi. Dabararsa ita ce, ranar da za a kwance wa Mama ido, abu na farko da sabon idon zai gani shi ne shagon zamani. Daga nan makulli da ƙafarsa zai shigo aljihunsa. Takardun jarrabawa kuwa, sabuwar manhaja za ta watso su kafin mutum ya yi atishawa.

Aiki irin wannan ba a yinsa ba shaidu. Ya bi layi ya kira tela, ya kira mai kemis, ya kira mai kitso da ke shagon kusa. Suka zo, don sun san duk inda Minti Biyu ya naɗe hannun riga akwai kallo kyauta.

Ya sa faifai, kwamfuta ta soma tambayoyi da Turanci. Tsohon kibod ɗin Gwaggo na nan a gabansa, abu mai nauyi kamar murfin rijiya, ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Yatsu sun cinye haruffan da ke kan madannansa kakaf, kowanne ya yi sanƙo, sumul kamar ƙwai. Wannan bai dami Injiniya ba, don babban madannin nan na gefen dama kaɗai yake bukata, shi kuwa ko a duhu ana gane shi da girmansa. Kwamfuta ta yi tambaya, ya danna. Ta sake, ya danna.

“Me ta ce?” in ji tela.

“Gaisuwa ce.”

Mai kemis ya gyara tabarau, ya matso. “Ni kamar na ga ta ce za ta share duk abin da ke ciki.”

“Datti take nufi. Kai ka san ƙwaya, ni na san inji. Na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake ƙirga magani?”

“Sau biyu.”

Ya danna. Wani koren layi ya fito yana rarrafe, da rubutu a ƙasansa cewa kada a kashe kwamfuta. Wannan kam ya karanta da kansa, da ƙarfi, har sau biyu.

“Kun ji doka. Duk wanda ya taɓa soket ɗin nan, ya kashe ta har abada.”

Yayin da layin ke rarrafe, ya zura hannu bayan akwatin kwamfutar, ya fizge wayar tsohon kibod, wata kakkaura mai zagayen kai da 'yan allurai a ciki. Ya fizge ta maus. Ya ɗaga kibod ɗin sama don kowa ya gani.

“Jama'a, ku dubi abin da ake wahalar da tsohuwa da shi. Ko harafi ɗaya babu. Wannan ai ba kibod ba ne, haƙoran kaka ne.”

Ya tura shi ƙarƙashin benci da ƙafa. Ya shimfiɗa farin nasa, ya soka ɗan mitsitsin kan da ke haɗa shi da kwamfuta a ramin gaban akwati. Kwamfuta ta mutu da kanta ta farfaɗo, ta yi 'yan tunane-tunane, sannan ta kawo wani farin gurbi a tsakiyar allo, da ɗan tsinke yana ƙiftawa a ciki. Mai kemis ya karanta: a rubuta sunan mai wannan kwamfuta.

Minti Biyu ya ji wani sanyi har ƙafarsa. Ita kanta kwamfutar ta san an yi canjin sarauta. Ya miƙe yatsa ɗaya na dama, ɗaya na hagu, don da su biyu yake rubutu, kamar kaza tana tsintar tsaba. Ya nemo harafin farko na Injiniya, ya danna.

Tsinke ya ci gaba da ƙiftawa.

Ya sake dannawa. Ya danna na kusa da shi. Ya girgiza maus, kibiyar da ke allo ba ta ko motsa ba.

“Kunya take ji,” in ji mai kitso. “Ba ta saba da kai ba.”

“Batir ne. Minti biyu.”

Aka cire batirin rediyon tela ana tsakiyar labarai. Ba a ga canji ba. Aka cire na agogon bangon Gwaggo, agogo ya tsaya a tara da kwata. Injiniya ya ce nisa ne, ya manna kibod da jikin akwati. Ya ce kusanci ne ya yi yawa, ya ja da baya har bakin ƙofa. Ya ce abin marar waya sama yake so, ya hau kujera ya ɗaga shi kusa da fanka yana dannawa, mai kemis na gadin allo.

“Ya fito?”

“Bai fito ba.”

“Yanzu fa?”

“Kan ka dai ya kusa fita. Sauko daga ƙarƙashin fankar nan.”

Ya sauko, ya share gumi, ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu. Ya dubi mai kemis da idon da ake duban maƙwabci in gishiri ya ƙare. Mai kemis ya yi gunaguni, amma ya je ya ciro kibod ɗin shagonsa, baƙi mai waya, wanda yake duba lissafin magunguna da shi. Aka soka a ramin gaba. Shiru. Aka soka a na biyu. Aka jawo akwati aka gwada duk faffaɗan ramukan baya ɗaya bayan ɗaya. Tsinke na nan yana ƙiftawa kamar mai jiran canji.

“Naka ma ya mutu,” in ji Minti Biyu.

“Da safen nan na yi aiki da shi.”

“To a hanya ya cika. Ka riƙe shi a karkace, na gan ka.”

“Taku goma ne tsakanin shagona da nan.”

“Mutuwa tana tambayar nisa?”

Tela ya ce, “Ni da rediyona in ta yi gardama, kashe ta nake in kunna.”

“Shi ya sa kake tela. Ba ka ji doka ba? Wannan ba rediyo ba ce.”

A ƙarshen layin akwai ofishin sayar da tikitin motocin safa. Minti Biyu ya je ya sami mai tikiti yana shan shayi, motar sha ɗaya ba ta fara lodi ba. Ya rantse masa minti biyu ne. Mai tikiti baƙo ne a layin, bai san tarihin fankar tela ba, ya ba shi. Aka soka, aka danna, aka jijjiga. Kibod na uku ya bi sahun 'yan uwansa.

Nan fa dabara ta soma ƙare wa Injiniya. Ya faki idon mutane, ya jawo mai sanƙo daga ƙarƙashin benci, ya lallaɓa ya mayar da zagayen kansa inda ya ciro shi, kwamfuta na kunne. Ya danna a hankali. Ko gezau.

“A'a, an koma wa kaka?” in ji mai kitso.

“Gwada shi nake don ku shaida. Kun gani? Da ma a mace yake, Mama da ƙarfin hali take aiki da shi.”

Ya sake cire shi, ya fita ya jefa a kwalin shara. Mai kitso ta bi ta ɗauke, ta ce iska na dame ta da buga ƙofa, nauyinsa daidai ne da tokare.

Da sha ɗaya ta wuce, mai tikiti ya iso, fasinjoji biyar na biye da shi da jakunkunansu. Suka cika bakin shago. Wata mai kwando ta tambaya ko nan ne aka mayar da sayar da tikiti. Idon jama'a shi ne man fetur ɗin Minti Biyu, yana ganin taro ya ji ilimi ya sauko masa.

“Na gano cutar. Ƙura ce. Iskar layin nan duk zare ne daga shagon tela, da gashi daga shagon kitso. Su suka toshe madannan. Ku ba ni cokali.”

“Gashin wa?” in ji mai kitso. “Ka iya bakinka.”

Kafin mai kemis ya dawo daga sallamar wata mai ciwon kai, Injiniya ya ɓanɓare madannan kibod ɗinsa tas da gindin cokali. Kafin mai tikiti ya gama rarrashin fasinja, an yi wa nasa haka. Duk aka zuba a roba ɗaya, aka sa ruwa da garin sabulu, Injiniya ya zura hannu yana cuɗawa kamar mai wankin safa.

Mai kemis ya tsaya a kansa. “Ka haɗa nawa da nasa?”

“Duk baƙaƙe ne. Harafi ai harafi ne.”

“Nasa manya ne, nawa ƙanana.”

“In sun bushe kowa zai gane gidansa.”

Don su bushe da wuri, ya aro na'urar busar da gashi wajen mai kitso, bayan ta sa shi ya janye maganar gashi a gaban shaidu. Ya baza madannai a kan benci, ya kunna ta a mafi zafi. Iska ta kwashe guda shida ta watsa su titi, fasinjoji suka bi suna tsintowa. Ya danne dogon madannin nan na ƙasa da yatsa, ya kafa masa wuta don kar ya gudu. Da ya ɗaga, abin ya lanƙwashe kamar ayaba.

“Na wane ne wannan?” in ji mai tikiti.

Mai kemis ya duba da kyau. “Alhamdu lillahi. Naka ne.”

Mai kitso ta ce a ba ta kayanta kafin a narkar da layin gaba ɗaya. Ta sunkuya za ta zare wayarta daga soket, wanda shi ne kwamfutar ke ciki. Minti Biyu ya yi tsalle ya faɗa a kan soket ɗin da cikinsa, ƙafarsa ta ture robar sabulu, kumfa ya malale har bakin ƙofa. A haka shugabar makaranta ta same shi, kwance rub da ciki, ƙarfe biyu saura minti biyar.

Mace ce doguwa mai jaka a hammata, irin waɗanda in suka yi shiru sai ka tuna duk aikin gidan da ba ka yi ba tun kana aji uku. Ta tsallake kumfa, ta dubi firinta, ta ga ko zanen da ake rufe ta da shi ba a yaye ba.

“Ina takarduna?”

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. “Ranki ya daɗe, suna ciki. Ɗan gyara ne ya rage. Minti biyu.”

Ta ja kujera ta zauna, ta kwance agogon hannunta, ta ajiye a kan tebur. “Na ba ka.”

Ba a taɓa auna masa minti biyunsa da agogo ba. Ya danna farin kibod. Ya busa ramin akwati. Ya shafa allo da hannun riga. Ya yi wa kwamfutar magana ƙasa-ƙasa, wadda ba a san roƙo ba ce ko zagi.

“Sun cika,” in ji shugaba. “Yara ɗari biyu za su zauna gobe ƙarfe takwas. Me zan ba su? Kumfa?”

Tasi ta tsaya a bakin titi. Auta ta fito da Gwaggo a hankali, idon hagu a liƙe da auduga, baƙin tabarau a kai, sanda a hannu. Taro ya dare. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofarta, ta karkata kunne, ta ja numfashi.

“Ban ji kukan firinta ba. Ban ji ƙamshin takarda mai zafi ba. Sabulu nake ji. Wanki aka buɗe a shagona?”

“Sannu da dawowa, Mama. Yaya jikin? Ai da kun wuce gida kun kwanta...”

“Tela, kai ba ka iya ƙarya ba sai a ranar karɓar ɗinki. Faɗa mini.”

Tela ya faɗa, tun daga faifai har ayaba, mai kemis na cike masa inda ya tsallake. Da aka zo kan tambayar da kwamfuta ta yi da safe, mai kemis ya ce shi dai ya karanta, ta ce za ta share komai, aka ce masa datti take nufi.

“To dattin ke nan,” in ji Gwaggo. “Aikina na kwana uku.”

Shugaba ta miƙe tsaye. “Kina nufin babu su?”

“Zauna, 'yar nan. Rubutun hannun malamanki yana cikin durowa a kulle, makullin na ɗaure a bakin zanena. Faya-fayan da suka zo da kwamfutar da na firinta suna cikin gwangwanin alewa a sama. Ban kai shekarun nan ina ajiye ƙwaina duka a hannun suruki ba. Ki ba ni zuwa ƙarfe shida.”

“Da wane ido za ki buga?”

“Wannan damuwata ce. Ina kibod ɗina?”

Mai kitso ta sulale ta fita, aka ji ƙofarta ta buga garam, ta dawo da mai sanƙo tana share shi da gefen mayafi. Gwaggo ta karɓa, ta shafa shi tun daga wannan gefe har wancan, kamar mai duba jikan da aka dawo da shi daga yawo.

“Auta, kashe ta.”

Minti Biyu ya tare soket da hannu biyu. “Mama, ku yi haƙuri, ita da kanta ta ce kar a kashe ta.”

“Yaushe ta ce?”

“Da safe.”

“Ni ma da safe likita ya ce kar in motsa. Ga ni a tsaye. Matsa.”

Ya matsa. Auta ta danna maɓallin akwati ta riƙe har allo ya yi baƙi. Minti Biyu ya rufe ido yana jiran hayaƙi. Ta durƙusa, ta laluba baya, ta zaunar da zagayen kan wayar a raminsa, ta mayar da na tsohon maus, sannan ta kunna. 'Yan fitilu uku da ke kusurwar kibod ɗin suka yi wal suka ɗauke.

“Ya gaishe ta,” in ji Gwaggo, ko da yake ba ta gani ba, ƙarar da akwatin ya yi ta ji. “Shi wannan ba ya shiga ɗaki a tsakiyar zance. Sai ya riga kwamfuta zama, ta farka ta same shi. Waɗancan masu faffaɗan kai kuwa, sabuwar manhajar taka ba ta san ramukansu ba tukuna, sai an gama an sa mata faifan gwangwani. Ko kibod ɗari ka aro, haka za su yi maka.”

“Wato nawa lafiyarsa ƙalau?” in ji mai tikiti.

“Da safe dai.”

Farin gurbin ya dawo, tsinke na ƙiftawa. Mai kemis ya sake karantawa don amfanin waɗanda suka zo a makare: a rubuta sunan mai wannan kwamfuta.

“To, Injiniya,” in ji Gwaggo, “kai ka fara aikin. Zauna ka rubuta.”

Zuciyarsa ta dawo wurinta. Ashe duk da haka tsohuwa ta san gwani. Ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya miƙe yatsunsa biyu. Ya dubi kibod. Madanni sama da ɗari suka dube shi, kowanne da sanƙonsa, ba mai ko ɗigo. Yatsun suka yi ta shawagi a sama kamar shirwa ta rasa ɗan tsako. Ya tuna harafin farko yana wajen sama ta dama, ya yi bismilla ya danna. Ya danna wani. Ya ƙara uku da sauri don a ga gwaninta.

“Mai kemis, karanta mini,” in ji Gwaggo.

Mai kemis ya sunkuya. “O. M. Sai alamar waƙafi. Sai bakwai. Sai wani abu kamar ƙugiya.”

“Sunan magani ne?” in ji mai tikiti.

“Ko a shagona babu shi.”

“Gwaji nake,” in ji Minti Biyu. Ya nemi na gogewa, ya danna, ƙugiya ta zama uku. Gumi ya ɗigo daga haɓarsa. Da ya ga ba mafita, sai ya kai yatsa wajen babban madannin gefen dama, abokinsa na safe, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Sandar Gwaggo ta sauka a kan tebur, dab da hannunsa.

“Na ji inda hannunka ya nufa. Da wannan ka cinye mini kwana uku. So kake kwamfutata ta amsa sunan ƙugiya har ta mutu? Tashi. Auta.”

Auta ta ajiye jaka, ta zauna. Ta ɗora yatsu takwas a layin tsakiya, manyan biyu a ƙasa, ko kallon kibod ɗin ba ta yi ba. Ƙaramin yatsanta ya miƙa ya share shirmen da ke gurbin, tana juyowa wajen mai kitso.

“Yaya, da kibod ɗin Mama kika tokare ƙofa? Ba dutse a layin nan?”

“A shara na tsince shi, ƙanwata. Ki tambayi wanda ya jefar.”

Minti Biyu ya tsaya baki buɗe. “Ke yaushe kika iya wannan?”

“Tun ina 'yar shekara tara. Rabin sanƙon nan ni na yi masa.”

“Shekara shida muna tare, ba ki taɓa faɗa mini ba.”

“Na sha farawa, Maigida.”

Tela ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Auta ta dubi uwarta.

“Mama, sunan wa zan sa? Naki?”

Gwaggo ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullai biyu, na durowa da na ƙofa, ta laluba ta ajiye su a gefen kibod.

“Me ta tambaya? Sunan mai ita ta ce. Sa sunan wadda ke kan kujerar.”

Aka ji tas-tas-tas, gajere, kamar saukar ruwan farko a kan kwano. Gurbin ya cika, allo ya wuce gaba.

Shugabar makaranta ta mayar da agogonta a hannu, ta ce tambayoyin jarrabawa ba a karanta su a gaban kasuwa, ita za ta riƙa karantowa, Auta na bugawa, kowa ya fita. Aka fita. Minti Biyu ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

“Mama, ni fa? Ko firintar in riƙa...”

“Ban manta da kai ba, ɗana. Kai ma kana da gado a shagon nan.” Ta nuna benci da sanda. “Kwashe su. Na mai kemis daban, na mai tikiti daban, kowanne a gidansa. In ka gama ka mayar wa tela batirinsa, ka tayar mini da agogo.”

Ya tattara madannan a roba. Ya nemi abin da zai baza su a kai, bai samu ba sai katakon nan na bayan ƙofa. Ya fito da shi, ya kwantar a kan gwiwoyinsa a bakin shago, jan rubutun na kallon sama, ya zube su a kai. Mai kemis ya zauna a damansa, mai tikiti a hagunsa, fasinjoji suka kewaye shi da jakunkunansu. Daga cikin shago ana jin muryar shugaba ƙasa-ƙasa, da ruwan yatsun Auta ba tsayawa.

Mai kwando ta leƙa madannan, ta dubi rana.

“Malam, wai zai daɗe? Tun sha ɗaya muke jiran mota.”

Minti Biyu ya ɗago kai, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Duk layin ya zuba masa ido yana jira. Ya dubi dogon madannin da ya lanƙwashe a hannunsa, ya juya shi, ya sake juya shi.

“Baiwar Allah,” in ji shi, “ki nemi wuri ki zauna.”